Logitech G502 HERO da manhajar G HUB: saiti, fitilu, da inda matsala take ɓuya

Linzamin kwamfuta na Logitech G502 HERO ya fito a 2018, kuma har yau yana cikin waɗanda masu wasan kwamfuta suka fi sani. Jikinsa ba ya ɓoye komai. Nauyinsa giram 121, ga ƙananan ƙarafa biyar masu giram 3.6 kowanne da ake jerawa a ƙarƙashinsa idan ana son ya ƙara nauyi, maɓallai 11 da ake iya sauya wa aiki, da wilin tsakiya mai tafiya daki-daki ko ya yi ta juyawa ba birki. Sai dai rabin abin da aka biya kuɗi a kai ba a hannu ake riƙe shi ba, yana cikin manhajar G HUB, wadda ta gaji tsohuwar Logitech Gaming Software. Ita ce ke ba maɓallai aiki, ita ke saita saurin kibiyar da ke kan allo, ita kuma ke juya fitilu. Manhaja ce mai iya aiki sosai amma ba ta iya bayanin kanta ba, kuma yawancin ƙorafin da ake yi a kanta daga abu ɗaya yake fitowa: linzamin yana da iyayen gida biyu, mai shi kuma bai san wanne ne ke ba da umarni a lokacin ba.

Ga yadda abin yake. A yanayi na farko G HUB ce ke riƙe da linzamin. Tana lura da wasan da aka buɗe, ta ɗauko furofayil, wato tarin saitin da aka tanadar masa, ta sauya maɓallai da launi da DPI, wato ma'aunin gudun kibiya, ba tare da an taɓa komai ba. A yanayi na biyu linzamin na bin abin da aka rubuta a ƙwaƙwalwar da ke cikinsa, wadda ke ɗaukar furofayil har biyar. Daga lokacin da aka kunna kwamfuta zuwa lokacin da G HUB ta gama tashi, ƙwaƙwalwar ciki ce ke aiki. Shi ya sa mutum zai ga fitila tana zagaya launuka kuma kibiya na gudu fiye da yadda ya saba, bayan ɗan lokaci komai ya dawo daidai. Linzamin bai lalace ba. Saitin kamfani ne ya yi aiki kafin manhaja ta karɓa. Haka nan wanda ya ɓata awa guda yana gyara, ya ɗauki linzamin ya jona a wata kwamfutar ya tarar babu ko ɗaya daga cikin abin da ya saita, bai rubuta saitin a cikin linzamin ba ne, a kwamfutar farko ya bar shi.

Rubutawar ba ta da wuya, amma tana da tarko. Ana gama gyara furofayil a G HUB, a shiga saitin na'urar, a kunna yanayin ƙwaƙwalwar ciki, a zaɓi gurbi ɗaya cikin biyar, a maye gurbinsa da furofayil ɗin da ake so. Tarkon shi ne abin da aka rubuta hoto ne na wannan lokacin. Idan gobe aka sauya aikin maɓalli ɗaya a manhaja, gurbin da ke cikin linzami ba zai bi ba, sai an sake rubutawa. Kuma ba komai ne ke shiga ba. DPI, saurin aika rahoto, aikin maɓallai na yau da kullum, G-Shift (mai ba maɓallai aiki na biyu) da fitilu masu sauƙi duk suna shiga. Sauya furofayil da kansa idan an buɗe wasa, rubutun Lua (harshen rubuta shiri), umarnin da ke magana da manhajar yaɗa bidiyo ta OBS ko ta hira ta Discord, da fitilun da ke bin sauti ko hoton allo, duk waɗannan sai da manhaja a kunne. Guraben da ba a amfani da su gara a kashe su, domin maɓallin G9 da ke bayan wili aikinsa na asali shi ne tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi, kuma taɓa shi bisa kuskure yana jefa mutum cikin saitin da bai sani ba ana tsakiyar wasa.

DPI

A kwali an rubuta 25,600. Asali 16,000 ne, sabunta manhajar ciki da aka yi a 2020 ya ɗaga shi. Lambar ta talla ce, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna haka. DPI na nufin yawan ƙidayar da idon linzamin ke aikawa idan ya yi tafiyar inci ɗaya. A allo mai faɗin ɗigo 1920, DPI 800 na bukatar tafiyar inci 2.4, wato kusan santimita 6, kafin kibiya ta ratsa daga gefe zuwa gefe. A 1600 santimita 3 ne. A 25,600 bai kai milimita 2 ba, numfashi mai ƙarfi ma ya isa ya kauda kibiya daga inda take. Masu wasan harbi galibi tsakanin 400 da 1600 suke zama. Mai allon 4K, wanda faɗinsa ɗigo 3840 ne, zai ji 1600 kamar yadda mai 1920 ke jin 800.

G HUB na ba da matakai har biyar a kowane furofayil, ana jan ɗigo a kan layi ko a rubuta lamba, ana ƙarawa da hamsin-hamsin. Shawarar da ta fi amfani ita ce a rage su. A ja ɗigon da ba a so a fitar da shi daga layin, ya goge. Matakai biyu sun isa: na aiki, da na maɓallin babban yatsa wanda ke rage gudu muddin ana danne da shi. Dalilin ragewar shi ne G7 da G8, masu ragewa da ƙara DPI, suna manne da gefen maɓallin hagu, daidai inda yatsa ke zamewa idan wasa ya yi zafi. Idan mataki ɗaya kawai ya rage, ko aka ba su wani aikin daban, wannan hatsarin ya tafi.

Kafin a zargi linzami da rashin daidaito, a leƙa saitin Windows. Akwai akwatin da aka rubuta "Enhance pointer precision", wanda ke sa nisan da kibiya ke yi ya danganta da saurin hannu ba da nisan da hannu ya yi kaɗai ba. A cire alamar, a bar saurin kibiya a tsakiya, mataki na shida cikin sha ɗaya a tsohon allon saiti, inda ƙidaya ɗaya take daidai da ɗigo ɗaya. Wasannin da ke karɓar motsi kai tsaye daga na'ura ba ruwansu da wannan, amma ba duka ne ke yi ba. Sannan ma'aunin da ya fi DPI gaskiya shi ne santimita nawa hannu ke yi kafin ɗan wasa ya juya zagaye ɗaya cur. A Counter-Strike 2, DPI 800 da saurin cikin wasa 1.0 na ba da kusan santimita 52. DPI 1600 da 0.5 ma haka. Wanda ya san lambarsa zai iya ɗaukar ta zuwa kowane linzami da kowane wasa.

Saurin aika rahoto huɗu ne: 125, 250, 500 da 1000 a daƙiƙa. A 1000 linzamin na faɗa wa kwamfuta inda yake kowace milidaƙiƙa ɗaya, a 125 kowace takwas. Mai linzami mai waya ba shi da dalilin sauka daga 1000, sai tsohon wasa da ke sarƙewa da shi, nan sai a gwada 500. Abin da babu, kuma rashin yana da zafi, shi ne saita tsayin da ido ke daina gani idan an ɗaga linzami daga shimfiɗa. Mai ƙaramin DPI yana ɗagawa yana mayarwa sau da yawa, kuma wasu manhajojin abokan hamayya suna ba da wannan saitin a wasu linzamansu.

Maɓallai da makiro

Nan G HUB ta fi cancantar yabo. Hoton linzamin na tsakiyar allo, jerin umarni na gefen hagu, ana jan umarni a ajiye a kan maɓalli. Akwai hoton sama da na gefe, kuma mutane da yawa ba sa lura da ɗan alamar da ke juya hoton, sai su ɗauka maɓallan babban yatsa ba sa saituwa. A ƙidayar 11 ɗin akwai karkata wili hagu da dama. Maɓallin da ke sakin wili ba ya ciki, na ƙarfe ne zalla, ba ya aika komai zuwa kwamfuta.

G-Shift shi ne abin da ya fi kowane saka wa mai haƙuri. Ana sadaukar da maɓalli ɗaya, muddin ana danne da shi sauran sai su ɗauki aiki na biyu, wato kusan ninki biyu ke nan. Wurin da ya fi dacewa da shi shi ne maɓallin babban yatsa na gaba, ga wanda ba ya wasan harbi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika shafin aiki na biyu da umarni a manta ba a naɗa maɓallin G-Shift a shafin farko ba, sai a yi ta dannawa shiru.

Makiro, wato jerin dannawa da aka naɗa don maɓalli ɗaya ya aiwatar, iri huɗu ne: mai gudana sau ɗaya, mai maimaitawa muddin ana danne, mai kunnawa da dannawa ɗaya ya kashe da ta biyu, da mai sassa uku, wato abin da zai faru da an danna, yayin da ake riƙe, da kuma bayan an saki. Manhajar na sa tazarar milidaƙiƙa 50 tsakanin kowane mataki, kuma masu gaggawa kan mayar da ita 1 ko 2 don makiro ya yi sauri, daga nan sai wasa ya riƙa tsallake wasu haruffa. Dalili a fili yake. Wasan da ke gudana a hoto 60 cikin daƙiƙa yana ɗaukar milidaƙiƙa 16.7 a kowane hoto, kuma da yawa sau ɗaya suke duba madannai a wannan tazarar. Harafin da aka danna aka saki cikin milidaƙiƙa 2 yana iya wucewa ba a gan shi ba. Tsakanin 20 da 30 ya fi aminci. Wata matsalar kuma ita ce makiron da aka naɗa aka goge matakin saki bisa kuskure: kwamfuta za ta ɗauka har yanzu ana danne da Ctrl ko Shift, komai ya rikice har sai an danna ainihin maɓallin a kibod.

Masu iya rubuta shiri suna da Lua, rubutu ɗaya ga kowane furofayil, wanda ke sauraron dannawa ta aikin OnEvent. Maɓallin hagu ba ya aiko da labari sai an kira EnablePrimaryMouseButtonEvents tukuna, abin da ke ɓata wa masu farawa lokaci. A nan dai sai a yi hattara. Rubutun da ke danne tsallen da bindiga ke yi idan an harba maguɗi ne a kowane wasan gasa, kuma ko makiro mai sauƙi ba ko'ina ake yarda da shi ba. A watan Agustan 2024 kamfanin Valve ya hana haɗa umarni da yawa a dannawa ɗaya a sabobinsa na Counter-Strike 2. Manhaja ta ba da dama ba ya nufin mai wasa ya halatta.

Sauya furofayil da kansa yana aiki ne da sunan fayil ɗin wasan. Idan bai sauya ba, mafi yawan lokuta an haɗa shi ne da shirin da ke ƙaddamar da wasa maimakon wasan kansa. A Fortnite, misali, wanda ke gudana ana wasa shi ne FortniteClient-Win64-Shipping.exe. A buɗe wasan, a duba Task Manager, shafin Windows mai nuna shirye-shiryen da ke gudana, a ga ainihin sunan, a ƙara hanyarsa a furofayil. Ɗaya gefen matsalar shi ne da an fita wasa zuwa wata taga sai linzami ya koma furofayil ɗin Desktop, gudun kibiya ya sauya nan take. Akwai ɗan kwaɗo a shafin DPI da na fitilu wanda ke kulle wannan saitin ya zama ɗaya a ko'ina. Kulle DPI a bar maɓallai suna sauyawa shi ne tsarin da ya fi kwantar da hankali.

Fitilu

Ana cewa launuka miliyan 16.8, kuma gaskiya ne a lissafi: ja, kore da shuɗi, kowanne mataki 256, idan aka ninka su uku za a samu 16,777,216. Amma wuraren da ke haske biyu ne kacal, tambarin G a baya da sanduna uku na DPI a gefen hagu. Tambarin yana daidai ƙarƙashin tafin hannu, wato duk lokacin da ake amfani da linzamin a rufe yake. Wanda ya sayi G502 HERO domin ƙyalli, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. G502 X Plus da ya fito a 2022 shi ne mai layin fitilu takwas da ake gani ko hannu na kai.

Salon hasken biyar ne ban da kashewa: tsayayyen launi, zagaya launuka, numfashi, mai kwaikwayon launin allo, da mai rawa da sauti. Uku na farko linzamin ne ke yin su da kansa, suna tafiya sumul kuma suna shiga ƙwaƙwalwar ciki. Biyu na ƙarshe kwamfuta ce ke lissafa su ta aiko, don haka suna cin ɗan ƙarfin injin, kuma a fitilu biyu ƙanana ba su da wani armashi. Mai kwaikwayon allo yana ɗaukar matsakaicin launin yankin da aka zana masa, kuma idan yankin ya yi faɗi sakamakon kan zama wani fari-fari mai datti. An yi su ne domin kibod mai fitila a kowane harafi ko lasifika mai haska bango, a nan ne suke cika ido.

Launin da ke allo ba lallai ya zama shi ne a fitila ba. Fari, 255 a duka ukun, kan fito da shuɗi-shuɗi, maganinsa a rage shuɗin da koren kaɗan har ido ya gamsu. Ruwan lemo kan koma rawaya sai an sauke kore sosai. Ruwan ƙasa da toka kuwa ba sa fitowa ko kaɗan, domin fitila ba ta da baƙi, abin da take iya yi kawai shi ne ta dushe. Wannan dusashewar ma tana da amfani: idan tsayayyen ja ya yi ƙarfi da dare, a sauke shi daga 255 zuwa wajen 80, launin na nan, haske ya ragu.

Amfanin fitilun na gaske shi ne alama. A ba kowane furofayil tsayayyen launinsa, ja ga wasan harbi, kore ga aiki, shuɗi ga gyaran bidiyo, kallo ɗaya ya isa a san wane saiti ne ke aiki, kuma a gane nan take idan manhaja ta faɗi linzami ya koma ƙwaƙwalwar ciki. Sandunan DPI suna mutuwa bayan 'yan daƙiƙu sai an sa alama a akwatin da ke barin su kunne kullum a saitin na'ura, kuma su ne ake gani daga gefen yatsa. Ga masu samfurin da ba waya, haske na da farashi: Logitech ta ba G502 Lightspeed awa 48 da fitila, awa 60 idan an kashe.

Idan launi ya ƙi zama yadda aka sa shi, akwai mai jayayya da shi. Ko dai an bar wa wasanni izinin juya fitilu a babban saitin G HUB, ko wata manhajar fitilu ta wani kamfani na ƙoƙarin kama na'urar, ko kuma Dynamic Lighting, saitin fitilu na Windows 11, ya karɓi ragama. A bar ɗaya ta yi mulki, a kashe sauran.

Ita kanta G HUB ɗin tana da nauyi idan aka duba ɗan aikin da ake nema daga gare ta, tana barin shirye-shirye da dama suna gudana a bayan fage, kuma tana da sanannen ciwo na tsayawa a tambarinta yana ta juyawa ba ta buɗe ba. Abin da ya fi yin magani shi ne a rufe lghub.exe, lghub_agent.exe da lghub_updater.exe a Task Manager, a shiga foldar LGHUB da ke cikin Program Files, a tashe su da izinin mai gudanarwa ɗaya bayan ɗaya: mai sabuntawa, sai wakilin, sannan babbar manhajar. Kafin kowace sabuntawa ko sake sakawa, a kwafi fayil ɗin settings.db da ke foldar LGHUB cikin AppData\Local, domin duk furofayil da makiro a cikinsa suke. Kada a haɗa ta da tsohuwar Logitech Gaming Software a kwamfuta ɗaya, suna rigima a kan na'ura. A Mac sai an ba ta izinin lura da dannawa da na sarrafa kwamfuta a saitin tsaro, in ba haka ba maɓallai za su yi kamar ba a saita su ba. Abin yabo ɗaya da bai kamata a manta ba: ba ta tilasta buɗe asusu kafin a yi saiti.

Akwai kuma ciwon da ba manhajar da ke warkarwa. Maɓallan G502 HERO na ƙarfe ne masu haɗuwa da rabuwa, an ce suna ɗaukar dannawa miliyan 50, amma idan bakin ƙarfen ya yi tsatsa ko ya gaji, dannawa ɗaya sai ta zama biyu, ko abin da ake ja ya suɓuce a hanya. G HUB ba ta da saitin ƙara tazarar tace dannawa, don haka sake saka manhaja an bar jaki ne ana dukan taiki. Gwajin mai sauƙi ne: a jona linzamin a kwamfutar da ba ta da G HUB, idan ya ci gaba, maɓalli ne, sai garanti ko sauya shi da dalma. Jerin G502 X ya koma maɓallai masu aiki da haske, waɗanda ba su da wannan bakin ƙarfen a hanyar sigina.

Wanda ke wasanni da yawa masu bukatar maɓallai daban-daban, ko yake juya OBS daga linzami, dole ya zauna da G HUB a kunne, kuma za ta yi masa aiki idan ya kulle DPI ya ajiye kwafin saitinsa. Wanda saiti ɗaya ko biyu suka ishe shi ba ya bukatar ta bayan ranar farko. Ya gyara, ya rubuta a gurbi, ya hana ta tashi tare da kwamfuta. Logitech ma tana da ƙaramin shiri na Windows mai suna Onboard Memory Manager, wanda ba a girka shi, buɗewa kawai ake yi, yana rubuta DPI da maɓallai da tsayayyen launi kai tsaye cikin linzami. Masu Linux, waɗanda ba a yi wa G HUB ba, suna yin wannan aikin da manhajar Piper.